Saka bushin tagulla a cibiyar giyar ƙarfe: nazarin aikin da ya ƙi a karon farko

Injin da wannan bayani ya shafa tsohon injin zarto ne mai kai-da-komo, irin wanda ake yanka sandunan ƙarfe da shi, kuma yana cikin ƙaramin ɗakin aikin da nake da shi a gida, inda kayan aiki ba su wuce injin let guda ɗaya, wato mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi, da injin huda, da bayis na matse aiki, da 'yan ma'aunai ba. A cikin injin akwai wata babbar giya ta ƙarfe da ke juyawa a kan guntun shaf wanda aka kafe a jikin injin. Shaf ɗin ba ya motsi, giyar ce ke zagaye shi kimanin sau 70 a minti ɗaya, ita ce kuma ke tura hannun da ke kai zarton gaba ya dawo da shi. Tsakanin cibiyar giyar da shaf ɗin akwai bushin, wato guntun bututun tagulla da ake cusawa a cikin rami domin shi ya riƙa cinyewa a madadin ƙarfen da ya fi shi wahalar sauyawa. Kaurin shaf ɗin milimita 20 ne, ramin cibiyar milimita 25, tsawonsa milimita 30, faɗin cibiyar daga waje kuma milimita 50.

Abin da ya fara bayyana shi ne ƙara, wani bugu da ake ji duk lokacin da zarton ya juyo baya, daga nan sai giyar ta soma lilo a kan shaf ɗin har ido yana iya gani. Da na kwance ta, tsohon bushin ɗin ya zame ya faɗo da turin yatsa kawai. Bayansa ya yi sumul yana ƙyalli, da ɗigo-ɗigon jan tsatsa mai laushi kamar gari, kuma hudar mai da ke jikinsa ta kauce daga hudar da ke jikin cibiyar da kusan rubu'in zagaye. Wannan ya nuna abu biyu: bushin ɗin ya daɗe yana juyawa a cikin ramin da ya kamata ya riƙe shi gam, sannan tun ranar da hudojin nan biyu suka rabu man da ake ɗigawa ya daina isa ga shaf ɗin. Na ga waɗannan alamu duka, amma ban yi musu karatun da ya dace ba, domin bushin da ya yi shekaru yana juyawa a cikin rami ba ya barin ramin yadda ya same shi.

Yunƙurin farko

Na auna ramin da ma'aunin baniya, wato ma'aunin hannu mai leɓuna da ake zamewa a kan sanda, na samu milimita 25.06. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu aikin let ke amfani da ita, cewa a bar wa bushin rarar kashi ɗaya cikin dubu na faɗinsa domin ya matse a cikin rami, wato kimanin maikuron 25 zuwa 30 ga rami mai wannan girma, maikuron ɗaya kuwa shi ne milimita ɗaya da aka raba gida dubu. Saboda haka na sassaƙa bayan sabon bushin zuwa 25.09, na rarake cikinsa zuwa 20.02 domin ya dace da shaf ɗin, na gwada shi a kan shaf ya juya lafiya, na yanke shi daga sandar tagullar. Na ɗora shi a bakin ramin, na sa su a bayis na fara matsawa. Milimita bakwai ko takwas na farko sun shiga ba tare da wata gardama ba, daga nan hannun bayis ya yi nauyi, na ƙara masa bututu, ya ci gaba kaɗan ya tsaya. A nan ne na yi kuskuren da ya fi kowane muni, na ciro aikin daga bayis na ɗora guntun ƙarfe a kan bushin ɗin na bi shi da guduma. Ya ƙara shiga har ya kai kimanin milimita 18 daga cikin 30, ya cije, bakinsa na sama ya faɗaɗa saboda duka, ya kuma ɗan karkace, ga siririn ɓawon tagulla ya tattaru a gefe ɗaya inda kaifin bakin ramin ya kankare shi. Da na gwada zura shaf ɗin, ko kusa da tsakiya bai kai ba.

Ba a fitar da irin wannan bushin da duka, domin duk abin da aka yi masa da ƙarfi ramin ne zai ɗauki raunin. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura ruwan zarton hannu ta cikinsa a tsaga bangonsa a tsaye, a tsaya kafin haƙoran su taɓa ƙarfen, da zarar an tsaga shi matsin ya saki sai a ture shi. Haka na yi, ya fita.

Abin da awo na gaskiya ya nuna

Sai a wannan lokaci na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na wanke ramin, na ɗauko ma'aunin rami mai sifirin, wanda ake zurawa a sake shi ya buɗe ya dafa bango biyu, a kulle shi a fito da shi a auna da maikuromita, wato ma'auni mai sukuru da ya fi baniya iya rarrabe ƙananan bambanci. Na auna a wurare uku, baki da tsakiya da ƙarshe, kuma a kowane wuri na auna sau biyu, a tsaye da a kwance. A bakin gaba na samu 25.07 da 25.04, a tsakiya 25.02 da 25.01, a bakin baya 25.05 da 25.03. Ramin ya koma siffar kalangu, bakuna biyu a buɗe, tsakiya a tsuke, ga shi kuma kowane baki ya ɗan miƙe kamar ƙwai. Dalilin haka a fili yake: giyar da ke lilo tana dukan gefunan ramin ne, tsakiya kuwa kusan ba abin da ke taɓa shi.

Ma'aunin baniya bai yi mini ƙarya ba, ya faɗi abin da ya taɓa ne kawai. Leɓunansa na auna ciki gajeru ne, ba sa wuce bakin rami da nisa, bakin kuwa shi ne wurin da ya fi lalacewa. Ko da ramin lafiyayye ne ma, baniya ba ta isa wannan aiki ba, domin kuskurenta na yau da kullum yakan kai maikuron 20 zuwa 30, wato daidai da girman abin da ake neman aunawa gaba ɗaya, kuma nau'in da ke nuna lambobi a gilashi bai tsira daga wannan ba ko da yana nuna 0.01. Bushin ɗina mai 25.09 ya sami rarar maikuron 20 zuwa 50 a baki, shi ya sa ya fara shiga cikin sauƙi, amma a tsakiya rarar ta kai maikuron 70 zuwa 80, kusan ninki uku na abin da na yi nufi.

Akwai kuskure na biyu wanda ba shi da alaƙa da siffar ramin, kuma shi ne na fi so mai karatu ya riƙe, domin ko ramin ya kasance daidai da sai ya ɓata aikin. Na gama cikin bushin ɗin zuwa girmansa na ƙarshe tun kafin in cusa shi. Rarar da ake bari a bayan bushin ba ɓacewa take yi ba idan ya shiga rami. Dole ne ko dai ramin ya buɗe, ko bushin ya tsuke, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke ɗaukar kaso mafi yawa. Ƙarfe ya ninka tagulla wajen ƙin lanƙwasuwa kusan sau biyu, sannan bangon cibiyar ya fi milimita 12 kauri alhali bangon bushin bai wuce biyu da rabi ba. Idan aka bi lissafin bututu mai kaurin bango, wanda ake jinginawa ga Gabriel Lamé, injiniyan Faransa na ƙarni na 19, za a ga cewa a irin wannan haɗi fiye da kashi 80 cikin 100 na rarar yana fitowa ne a cikin bushin a matsayin tsukewa. Ma'ana, idan aka bar maikuron 30 a waje, ramin ciki zai ragu da kimanin 25. Sararin da na bari tsakanin bushin da shaf, wanda ya ɗan gaza milimita 20 cif, bai kai maikuron 40 ba, don haka ko da komai ya tafi yadda na tsara, da abin da zai rage bai wuce maikuron goma da 'yan kai ba, wanda ɗumin aiki kaɗan zai cinye shi. Masu ƙera bushin a masana'antu sun san wannan, shi ya sa a ƙa'idar ISO 4379 ta bushin tagulla ake yin ramin ciki da girman da ake kira E6, wanda ga shaf mai milimita 20 ya ɗara da maikuron 40 zuwa 53, da sanin cewa bayan an cusa shi zai sauko zuwa H8, wato tsakanin sifili da maikuron 33.

Hanyoyin da na auna kafin in zaɓi ɗaya

Hanya mafi sauri ita ce a yi bushin da zai shiga ramin a sake, a shafa masa gam ɗin riƙe ƙarfe irin wanda ke daskarewa idan ya rasa iska a tsakanin ƙarafa biyu. Wannan gam ba wasa ba ne, Loctite 638 alal misali yana cike sarari har zuwa milimita 0.25, kuma a wurare da dama na fi yarda da shi a kan matsi, musamman idan bangon da ke kewaye da ramin siriri ne da zai iya tsagewa. Abin da ya hana ni a nan shi ne, gam zai riƙe bushin a duk inda ramin ya ajiye shi, ramin kuwa ya riga ya kauce daga tsakiyar giyar, ga shi kaurin gam ɗin zai bambanta daga maikuron kaɗan a tsakiya zuwa 30 ko fiye a baki, daidai wurin da duka ya fi yawa.

Akwai kuma dabarar da ake yawan gani, ta bubbuga bangon rami da tsinin fanci ko a yi wa bayan bushin zane mai tudu-tudu domin ya kama. Ban yarda da ita ba ga abin da ke ɗaukar nauyi, domin 'yan tudun nan ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma bugu na 'yan makonni ya isa ya kwantar da su a koma gidan jiya. Sanya ƙaramin sukuru a kan layin da bushin ya haɗu da cibiya yana hana juyawa, amma ba ya hana lilo.

Abin da ya yanke hukunci shi ne yadda nauyi ke sauka a kan wannan bushin. Da a ce bushin ne ke tsaye shaf ke juyawa, nauyin zai riƙa danna wuri ɗaya ne a jikinsa, matsi kaɗan ya ishe shi. A nan kuwa bushin na juyawa tare da giya, alhali turin haƙoran ƙaramar giyar da ke juya ta da na hannun zarto suna zuwa ne daga ɓangarorin da ba sa sauyawa, saboda haka a kowane zagaye nauyin yana bin bangon bushin ɗin kaf. Idan akwai sarari komai ƙanƙantarsa tsakaninsa da rami, zai riƙa mirginawa a ciki kaɗan-kaɗan, kamar yadda ƙaramin zobe ke mirginawa a cikin babba, kuma wannan rarrafen ne ya cinye ramin tun farko. Ƙa'ida ɗaya ce da ta boris: zoben da ke juyawa dangane da nauyi shi ake matsewa sosai. Don haka na yanke shawarar in gyara ramin ya zama da'ira ta gaskiya, sannan in yi bushin da zai matse shi ko'ina daidai.

Game da tagullar, na zaɓi ta zubi wadda ake kira SAE 660 ko C93200, mai kimanin kashi 83 na jan ƙarfe, 7 na kuza, 7 na dalma, da 3 na tutiya. Dalmar da ke ciki tana sa ta yanku cikin sauƙi, tana kuma sa ta yi haƙuri da shaf idan mai ya yi ƙaranci. Akwai ɗaya nau'in, wanda ake yi da garin tagulla da aka matse aka gasa, ya zama mai ƙananan ƙofofi da ke riƙe mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmansa, irin wanda kamfanin Chrysler ya fito da shi a 1930 da sunan Oilite. Yana da kyau ga shaf mai gudu da nauyi kaɗan, amma bugu ba ya yi masa daɗi, zafi yana fitar da mansa, sannan wuƙa maras kaifi tana shafe ƙofofinsa ta toshe su. Injin zarto kuwa bugu ne aikinsa.

Aiki na biyu

Na kama giyar a cok mai muƙamuƙi huɗu, wato mariƙin aiki na injin let. Tsohon ramin ba abin dogaro ba ne wajen daidaita ta, domin abin da ake bukata shi ne sabon ramin ya zauna a tsakiyar da'irar haƙora. Na sa guntun sandar ƙarfe mai santsi a tsakanin haƙora biyu, na ɗora bakin agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ɗan motsi, a kanta, na yi haka a wurare huɗu da ke fuskantar juna, ina sassauta muƙamuƙi ɗaya ina ɗaure na gabansa, har bambancin ya sauko ƙasa da maikuron 20. Sannan na duba fuskar giyar domin kada ta yi rawa gefe da gefe. Wannan daidaitawa ta ci lokaci fiye da yankan kansa, kuma ban ga hanyar gajarta ta ba.

Milimita 25.10 ta isa ta share lalacewar, amma na kai ramin 26, saboda bango mai milimita uku ya fi jure matsi da bugu, cibiyar tana da sauran milimita 12 a kowane gefe, kuma 20 a ciki da 26 a waje girma ne da ke cikin jerin bushin da ake ƙerawa, wanda zai sauƙaƙa wa duk wanda zai gyara injin nan gaba. Sandar rarake rami tana da halin da ya kamata a sani: tana ɗan lanƙwashewa ta guje wa ƙarfe yayin yanka, don haka abin da aka juya a hannun injin ba shi ne abin da ke fita ba. Na yi amfani da sanda mafi kauri da ramin zai ɗauka, na fito da ita daidai tsawon da ake bukata kawai, na yi yanka biyu na ƙarshe da zurfi iri ɗaya domin na farkon ya gaya mini abin da na biyun zai cire, sannan na sake bi sau ɗaya ba tare da ƙara komai ba. Ramin ya tsaya a 26.005, kuma bambanci tsakanin awo shida bai wuce maikuron biyar ba, wanda kusan shi ne iyakar abin da hannuna ke iya rarrabewa da irin wannan ma'auni. Na kashe kaifin bakin ramin da ɗan gangare, na goge shi da samfefa mai laushi, domin wannan kaifin ne ya kankare bushin na farko.

A tsarin ISO 286, rami mai milimita 26 na ajin H7 yana iya kasancewa daga 26.000 zuwa 26.021, abin da za a cusa masa na ajin r6 kuma daga 26.028 zuwa 26.041, wanda ke nufin rarar na iya faɗowa ko'ina tsakanin maikuron 7 da 41. Masana'anta na karɓar wannan faɗi ne domin tana yin dubbai da dole kowanne ya shiga kowanne. Mai aiki a gida guda ɗaya yake yi, kuma wannan gata ne, domin yana iya gama rami tukuna, ya auna shi, sannan ya sassaƙa bushin a kan abin da ya samu, tunda gyara waje ya fi gyara ciki sauƙi. Na nufi rarar maikuron 28, wato bayan bushin ya zama 26.033. Bisa lissafi, wannan zai ba da matsi na kimanin megafaskal 24, wato a ma'aunin da ake auna matsi da shi, a tsakanin bangayen biyu, damuwar da ke cikin tagullar kuma ta kai kusan 115, ƙasa kaɗan da inda wannan nau'i ke fara lotsawa ba dawowa, wato wajen 125 zuwa 140. Wannan ya nuna cewa ƙara rara ba ya ƙara riƙo har abada. Bushin na farko ya riga ya wuce wannan iyaka tun kafin guduma ta taɓa shi.

Abu biyu na kiyaye wajen sassaƙar. Na farko, na auna rami da bushin da maikuromita guda ɗaya, domin idan tana da ɗan kuskure ya faɗa wa duka biyun ya soke kansa, tunda bambancinsu ake nema. Na biyu shi ne zafi. Tagulla tana buɗewa da kimanin kashi 18 cikin miliyan a kowane digiri na Selsiyas, ƙarfe kuma 11 zuwa 12, shi ya sa ƙa'idar awo ta duniya ta tsayar da digiri 20 a matsayin ma'aunin da ake dogara da shi. Bushin mai milimita 26 da yanka ya ɗumama da digiri 30 kacal zai nuna ƙarin maikuron 14, rabin rarar gaba ɗaya, kuma wanda ya auna shi a haka zai ga ya yi daidai, idan ya huce ya tarar ya yi ƙanƙanta. Na dakata kafin yankan ƙarshe har sai da tagullar ta yi sanyi ɗaya da giyar da ke ajiye a gefe. Duk aikin waje da na ciki na yi shi ne bushin yana manne da uwar sandarsa, domin cok yana lotsa siririn bango ya mai da shi mai kusurwa uku idan aka kama shi kai tsaye. Cikin na bar shi a 19.7 da gangan. A bakin da zai fara shiga na yi dogon gangare na kimanin digiri 15, da ɗan wuri mai tsawon milimita biyu da na rage har ya shiga ramin da hannu, domin ya tsayar da bushin a miƙe kafin matsi ya fara.

Ƙarfin da ake bukata domin tura shi a sanyi ya kai kimanin kilo 700, wanda bai fi ƙarfin bayis mai kyau ba, sai dai muƙamuƙin bayis yakan ɗaga idan an matsa, ya tura abu a karkace. Na fi son jan sa da dogon bol mai milimita 12 da ya ratsa ta tsakiya. Na sassaƙa matoshin ƙarfe mai kafaɗa, siririn ɓangarensa ya shiga cikin bushin, kafaɗar ta zauna a kan bakinsa gaba ɗaya, a ɗaya gefen giyar kuma na sa washa mai kauri wadda fuskarta ke kwance daidai. Da irin wannan shiri ƙarfin yana bin tsakiya ne kawai, kuma juya noti da sifana ta hannu ya isa.

Duk da haka na haɗa da zafi da sanyi, domin bushin da ya shiga ba tare da gurzar bango ba ya fi riƙo, tunda turi a sanyi yana kwantar da 'yan tudun da yanka ya bari, rarar ta ragu. Na sa giyar a ƙaramar tandar lantarki da na keɓe wa ɗakin aiki har ta kai digiri 120, wanda ke buɗe ramin da kimanin maikuron 30 kuma bai kai zafin da zai taɓa taurin haƙora ba. Ban yi amfani da harshen wuta ba, domin yana ɗumama gefe ɗaya fiye da ɗaya, kuma ƙarfen da ya fara sauya launi zuwa ruwan ƙasa-ƙasa ya riga ya haura digiri 200. Bushin ɗin tare da matoshinsa sun kwana a firiza, wadda sanyinta na digiri 18 ƙasa da sifili ke rage shi da kimanin maikuron 18. A gaskiya gudummawar firiza ba ta kai yadda ake zato ba, domin siririn bangon tagulla yana shan zafi cikin daƙiƙoƙi kaɗan da zarar ya taɓa ƙarfe mai zafi, dalilin da ya sa na sanyaya shi tare da matoshin ke nan, ya riƙe masa sanyin. A lissafi dai an sami sararin maikuron 20. Na shirya bol da noti da sifana a kan tebur tun kafin in buɗe tandar, na sa safar hannu mai kauri, na shafa mai kaɗan a bangon ramin. Bushin ya zame da turin hannu har kashi biyu cikin uku, ya kama, na ɗaura noti na ja sauran milimita goman a hankali ba tare da tsayawa ba, har kafaɗar matoshin ta zauna a fuskar cibiyar.

Na bar shi ya huce da kansa har washegari. Da na auna cikinsa, 19.70 ya koma tsakanin 19.67 da 19.68, wato ya tsuke da abin da ya yi kusa da maikuron 23 da lissafi ya nuna. Na mayar da giyar kan cok, na sake daidaita ta da haƙora kamar farko, sannan na rarake cikin bushin. Na zaɓi rarakewa a kan rima, wato sanda mai haƙora da ake zurawa ta gyara girman rami, saboda rima tana bin ramin da ta tarar ne, wuƙar let kuwa tana yanka a kan tsakiyar da aka daidaita. Shaf ɗin na goge shi da samfefa mai laushi da mai, ya nuna 19.985 a wurin da bai ci ba, 19.975 a inda ya ci. Na tsayar da ramin a 20.015, sararin juyawa ya zama maikuron 30 zuwa 40. Ban matse shi fiye da haka ba, domin idan aiki ya ɗumama haɗin tagulla tana son buɗewa fiye da ƙarfen da ya kewaye ta, kuma tunda ba ta da hanya ta waje, matsin bayanta yana ƙaruwa, ramin cikinta kuma ba ya buɗewa yadda shaf ke buɗewa, sararin ya ragu.

Hudar mai na yi ta ne bayan an gama komai, na bi ta tsohuwar hudar cibiya na ratsa tagullar, na cire kaifin da ta bari a ciki, sannan na yi ɗan siririn kwari a tsaye daga hudar zuwa ɓangarori biyu, wanda na tsayar milimita biyar kafin kowane baki domin kada man ya tsiyaye. Na wanke ɓarɓashin tagulla sosai kafin in haɗa.

Abin da ya biyo baya

Giyar ta juya a kan shaf da turin yatsa, ba lilo, bugun da ake ji ya ɓace. Bayan rabin sa'a na yanka, cibiyar ta yi ɗumi kaɗan da hannu ke iya daɗewa a kai. Kafin in rufe injin na ja siririn layi da tsinin ƙarfe a fuskar cibiyar, ya ratsa daga ƙarfen zuwa tagullar, domin in bushin ya soma rarrafe layin zai karye tun kafin kunne ya ji wani abu. Na duba shi bayan mako guda, na sake dubawa bayan wata huɗu na aiki, layin yana nan a miƙe, hudar mai kuma tana shan mai. Sararin juyawa ya ƙaru da abin da bai kai maikuron goma ba, wanda na ɗauka zaman farko ne na sabuwar tagulla a kan tsohon shaf. Shaf ɗin kansa yana da 'yan zane-zane a ƙasansa da samfefa ba ta iya sharewa ba, kuma su ne za su ƙayyade kwanan wannan bushin, saboda haka na riga na ajiye sandar ƙarfen da zan sassaƙa sabo da ita, zan kuma yi shi ne a kan girman da ramin tagullar ya nuna a ranar da na kwance injin.